Wasiƙar da Na Ƙi Gaskatawa

Huda, Usama, Amira, na san abin da aka gaya muku a Funtua lokacin da kuka je tare da uwarku. An ce muku an aiko wa ubanku cewa wansa yana kwance rai a hannun Allah, ya ƙi zuwa. Kun dawo Jidda babu wanda ya tambaye ni, amma na lura da yadda hira ke mutuwa in na shigo falo. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, kuma da Hausa, ko da yake na san karanta ta zai ba ku wahala. Ku bi ta a hankali, inda kuka maƙale ku tambayi uwarku. Abin da aka gaya muku ba ƙarya ba ne, amma rabi ne.

Mu biyu ne maza a wurin Inna, Yaya Haruna da ni. Ya girme ni da shekara tara, kuma shi ya koya mini riƙe almakashi a shagon mahaifinmu. Ina shekarata ta biyar a Jidda, ina ɗinki a unguwar Balad, ban ma san uwarku ba tukuna, sai wani alhaji ya kawo mini saƙon baki: Inna ba lafiya, ka zo maza-maza. Na roƙi kafilina na lokacin, wato Balaraben da nake aiki a ƙarƙashin sunansa, har ya sa hannu, na bar ɗinkin mutane a kan keke, na hau jirgi ina share hawaye. Na yi sallama gidanmu na tarar da Inna a tsakar gida tana tankaɗen gari, lafiyarta ƙalau, ita ma ba ta san da zuwana ba. Yaya ne ya shirya abin. So yake in dawo mu riƙe shagon Baba tare, kuma ya san in ya faɗa mini gaskiya ba zan zo ba. Washegari na duba jakata na rasa fasfo. Ya ce ya adana mini. A hannunsa bizar dawowata ta ƙare, aikina ya tafi, sai da na yi shekara biyu kafin Allah ya sake buɗe mini hanyar Jidda. Ranar tafiyata na durƙusa wa Inna, na wuce shi a zaure ban ce masa komai ba. Da Inna ta rasu daga baya, labarin bai iso ni ba sai bayan an binne ta. Na yi mata addu'a a Harami, na canja lambar wayata, na rufe babin Funtua.

Shekara ashirin da 'yan kai suka wuce a haka. A shekarar da nake ba ku labari, Huda tana ajin ƙarshe na sakandare, muna zaune a gidan nan na Waziriyya mai matakala a waje. Shagona yana wani lungu a Balad, ƙarƙashin tsofaffin gidajen nan masu tagogin katako, kekuna biyu ne a ciki: nawa da na Isuhu, mutumin Maraɗi, wanda muke da kafili ɗaya da shi, muke cin abinci a kwano ɗaya. Kafilin namu ya tsufa, ɗansa ne ke riƙe da takardu, kuma ya taɓa cewa a gabanmu shagon bai kai na tela biyu ba. Saura mako shida iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, ta ƙare. Ban san ko za a sabunta ta ba.

Wata Talata bayan azahar na dawo daga sayen zare, na tarar da wani dattijo mai jakar umara a rataye yana shan shayi da Isuhu, suna ta dariya kamar sun daɗe da sanin juna. Da na shigo dariyar ta tsaya. Dattijon ya tashi ya tambaye ni ko ni ne Lawal tela ɗan Funtua. Ya ce kwana biyu yana yawo a lungunan Balad yana tambaya. Ya miƙo mini ambulan, ya ce motarsu na jiransa, ya tafi. Ban san shi ba, kuma har ya ɓace a kwana ban tuna na tambayi sunansa ba.

Takarda ɗaya ce, an buga ta da injin rubutu, da Turanci. Ta ce Malam Haruna yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, likita bai ba da ƙwarin gwiwa ba, kuma yana neman ƙaninsa. A ƙasa akwai lambar waya da sa hannun wani Malam Iro, hedimasta mai ritaya. Turancina na ɗan aji uku ne, amma na gane komai sai kalma ɗaya a layin ƙarshe, inda aka ce ana buƙatar in zo posthaste. An ja mata layi biyu da jan biro.

Na karanta sau uku, kuma abin da ya fara zuwa raina ba tausayi ba ne. Na ce a zuciyata, ya sake. Yaya bai iya Turanci ba. A gidanmu ba a taɓa yin magana da Turanci ba. In da gaske ne, me ya hana a rubuto da Hausa, ko da ajami, yadda Baba ke rubutu? Kuma wace irin kalma ce wannan da ban taɓa ji a rediyo ba, ban taɓa gani a jikin kwali ba? Kowa a Jidda ya san irin wasiƙun 'yan damfara, masu manyan kalmomi don su rikita mutum.

Da yamma na ba Huda takardar. Ta duba wayarta ta ce mini:

"Abuya, ya'ani da sauri. Da sauri sosai. Amma an ce tsohuwar kalma ce, ba a cika amfani da ita ba yanzu."

Uwarku tana yanka albasa, ta ajiye wuƙar.

"Abu Huda, ga lamba nan a ƙasa. Yalla, ka kira."

"In kira wa? Wanda ya tsara wasiƙar shi zai tsara mai ɗaukar waya."

"To ka kai wa Khali Babikir ya duba maka. Shi dai ba ya ƙarya, kuma ba shi da gona a Funtua."

Ba ku san Ustaz Babikir sosai ba, ba ku cika zuwa gidansa ba har ya rasu. Kawun uwarku ne, Bahaushen Sudan, ya yi shekaru yana aikin tafinta a wani kamfanin jiragen ruwa a tashar Jidda. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na same shi a gidansa a Madain Fahd, yana zaune a ƙasa ya miƙe ƙafafu saboda ciwon gwiwa. Ya sa tabarau, ya karanta, da ya kai kan kalmar sai ya yi murmushi kamar ya ga tsohon aboki.

"Ya salam. Rabona da ganin wannan tun muna makaranta."

Na ce ya gaya mini ma'anarta ta gaskiya, ba ta waya ba.

Ya ce kalmomi biyu ne aka haɗe. A ƙasar Ingila, ɗaruruwan shekaru da suka wuce, kafin mota da jirgin ƙasa, mahaya dawaki ne ke ɗaukar wasiƙu. An kafa zango-zango a kan hanya, kowane zango da hutaccen doki, in mai wasiƙa ya iso sai ya sauka daga wanda ya gaji ya hau sabo. Zangon da mahayin duka ana kiransu post, daga nan ma aka sami sunan gidan waya da Turanci. Haste kuma gaggawa ce. To in wasiƙa ta gaggawa ce, mai aikowa sai ya rubuta a bayanta, inda mahayin zai gani: haste, post, haste. Wato hanzarta, ɗan aike, hanzarta. Kada ka tsaya cin abinci, kada ka tsaya gaisuwa. Yau da gobe bakin mutane ya haɗe su suka zama kalma guda.

"Shuf, duba nan, ya Lawal," in ji shi, yana buga takardar da yatsa. "Yaron yanzu ba zai rubuta wannan ba. Ɗan damfara kuwa so yake ka gane shi nan take, ba zai ba ka kalmar da za ta sa ka haye gari kana tambaya ba. Wannan hannun tsoho ne, wanda ya koyi Turanci a wurin malaman da. Kuma wasiƙar ba ta nemi komai a wurinka ba sai kai."

"Wancan karon ma ni kaɗai aka nema, Ustaz."

Ya cire tabarau ya dube ni.

"Ni na gaya maka abin da kalma ke nufi. Abin da ke zuciyar wanka, wannan ba ya cikin ƙamus."

Na fito daga gidansa da abin da na shiga da shi, har da ƙari. Labarin dawakin bai kwantar mini da hankali ba. Cewa na yi, ashe har an nemo masani an ba shi aiki, an zaɓo kalmar da za ta sa in hau doki ban duba baya ba.

Da uwarku ta matsa, na kira lambar ranar Asabar da safe. Mace ce ta ɗauka, murya ce da ban sani ba. Na faɗi sunana, sai na ji ta yi salati.

"Baffa? Baffa Lawal? Ni ce Maryam, 'yar Malam Haruna."

Maryam da na sani tana goye a bayan uwarta na baro ta. Na ce ta ba ni ubanta.

"Baffa, ba ya iya magana. Kwana goma ke nan harshensa ya riƙe. Yana ji, amma ba ya iya mayarwa."

"To kunna bidiyo in gan shi."

Ta kunna, hoton ya tsaya cak, ya dawo, ya sake yankewa. Sau huɗu muna gwadawa. A ƙarshe ta turo mini hoto: wani tsoho ramamme a kan katifa, bakinsa ya karkace, farin gemu har ƙirji. Yayan da na sani ƙaton mutum ne, baƙin gashi, wuyansa kamar na ɗan dambe. Na ƙura wa hoton ido ina neman wana, ban gan shi ba. Na sake kira na ce mata abin da har yau in na tuna nake jin kunya:

"Yarinya, ko wace ce ke, ki gaya wa wanda ya sa ki cewa sau ɗaya ake yi mini wannan."

Na ji numfashinta kaɗan, na kashe wayar.

Zargi in ya shiga mutum ba ya tsayawa a wuri ɗaya. Kwana biyu ina kallon Isuhu ta gefen ido, ina tuna dariyar nan da ta tsaya da na shigo. Wa zai amfana in na fita ƙasar nan saura makonni iƙamata ta mutu? Wa ya san ni ɗan Funtua ne, wa na taɓa ba labarin Yaya muna cin shinkafa? Ranar Litinin yana guga na ce masa:

"Isuhu, dattijon nan na ranar, a ina ka san shi?"

"Wane? Mai wasiƙa? Ban san shi ba. Ya shigo a gajiye na ba shi shayi."

"Me kuke yi wa dariya?"

"Labarin yadda ya ɓace a lungu yake ba ni. Lawal, me kake so ka ce?"

"Ina so in ce in na tafi, shago ya zama na tela ɗaya."

Ya ajiye dutsen guga a tsaye, ya zare wayar dutsen daga bango, a hankali kamar mai tsoron ƙona wani abu.

"Bon. Shekara goma sha ɗaya muna tare. Allah ya isa tsakanina da wannan magana."

Tun daga ranar bai sake sa hannu a kwano ɗaya da ni ba. Na ba shi haƙuri daga baya, ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe. Amma bayan wata biyu ya nemi wani kafilin ya ɗauke kekensa. Har yau in mun haɗu a jana'iza muna gaisawa da hannu biyu, shi ke nan.

Shawarar da na yanke ita ce in aika idona. Ina da amini a Zariya, Alhaji Sani mai yadi, wanda ya san Yaya tun muna samari. Na kira shi na ce ya je Funtua ya gano mini, kada ya gaya wa kowa ni na aiko shi. Ya ce yana Legas, kayansa na tasha, sai ya sallame su. Na ce babu komai, zan jira. Uwarku ta ji wannan magana, ta tsaya a bakin ƙofar kicin ta ce:

"In ƙarya ce, ka yi asarar aiki. In gaskiya ce fa, Abu Huda? Me za ka yi asara?"

Na ce ta bar ni da abin da ba ta sani ba. Ta ce halas, wato shi ke nan, ta koma ciki. Kwana tara na jira. A cikinsu Maryam ta kira sau biyu ban ɗauka ba. Ina ɗinki, ina cin abinci, ina gaya wa kaina cewa hankali nake yi.

A rana ta tara, ina yanka yadi da hantsi, Alhaji Sani ya kira. Bai gaishe ni ba.

"Lawal, ina ƙofar gidanku. Na shiga na gan shi. Shi ne. In kana da abin hawa ka hau yanzu."

Na ɗauki wasiƙar nan da na yi kwanaki ina tuhuma, na tafi ofishin ɗan kafilina. Yaron ya yi karatu a waje. Ya karanta ta tsaye, ya ɗago ya ce me ya sa ban kawo masa tun ranar da ta zo ba. Kafin la'asar ya sa an fara sabunta iƙamata, bayan kwana biyu bizar fita da dawowa ta fito. Abin da na ƙi motsawa saboda tsoronsa, takarda ɗaya ta warware shi. Ina filin jirgi ina jiran kira Alhaji Sani ya sake bugowa. Da na ga sunansa na san abin da zai faɗa. Na isa Funtua an riga an binne Yaya, ana zaman makoki.

Babu wanda ya zage ni. Mutane sun yi mini gaisuwa, sun matsa mini wuri a tabarma, suna kallon ƙasa. Da aka watse sai wani tsoho siriri mai sanda da farar hula ya matso kusa da ni. Ya ce shi ne Iro, maƙwabcin marigayi, shekara goma sha biyar suna sallah a sahu ɗaya. Na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina: me ya sa Turanci?

"Don maigidanka na rubuta, ba don kai ba," in ji shi. "An ce mana a can mutum ba ya fita sai da izinin wanda ya ɗauke shi. Na ce in Hausa ce, Balarabe ba zai karanta ba. Larabcina kuma na sallah ne."

"Kalmar nan fa, da ka ja wa layi?"

Ya juya sandarsa a ƙasa.

"Lokacin bakinsa bai gama riƙewa ba. Na karanta masa abin da na rubuta ina fassarawa. Da na zo wurin da na ce ka zo maza-maza, sai ya kama hannuna. Ya ce, Malam, kada ka sa wannan. Na taɓa aika masa da ita a kan ƙarya, na kashe ta. Nemo wata wadda ban taɓa ɓatawa ba. Na koma gida na yi ta tunani, sai na tuna wadda wani malaminmu ke rubutawa a takarda in ya aike mu ofis. Ita ce mafi ƙarfi da na sani. Ban yi tunanin za ta zame maka abin tuhuma ba. In laifi ne, nawa ne."

Na ce masa ba nasa ba ne.

Washegari da safe na shiga cikin gida. Wata mata mai kamar shekara ashirin da biyar ta shimfiɗa mini tabarma a inuwa, ta kawo koko da ƙosai, ta durƙusa ta gaishe ni. Goshinta na Inna ne sak. Da a ce bidiyon nan ya tsaya na daƙiƙa biyar a kan fuskarta, da ban aika kowa ba. Na ce:

"Maryam, na kira ki maƙaryaciya."

"Ba komai, Baffa."

"Akwai komai. Ki yafe mini."

"Na yafe tun ranar. Baba ya taɓa ba mu labarin abin da ya yi maka. Ya ce in ka yi shakka kada mu ga laifinka."

Na daɗe ina juya ludayi a cikin kokon kafin na iya yin tambayar da ta kawo ni.

"Kin gaya masa abin da na ce?"

Ta girgiza kai.

"Da na ajiye wayar yana kallona. Idonsa kawai ke tambaya. Sai na ce masa, Baffa ya ce yana hanya. Kullum da safe in na kawo masa ruwa sai ya juya ido wajen ƙofa, ni kuma in ce, yana hanya, takardu ne suka riƙe shi. Har ranar ƙarshe haka na gaya masa." Ta gyara mayafinta. "Allah ya yafe mini, Baffa. Ita kaɗai ce ƙaryar da aka yi a gidan nan."

To, 'ya'yana, ga yadda abin ya kasance. In mutanen Funtua sun sake cewa ubanku bai zo ba, kada ku yi musu da su, ban zo ba ɗin. Kwana tara ina da ƙafa, ina da wasiƙa a aljihu, na zauna. Wana ya rasu yana zaton ina kan hanya, kuma ba ni na ba shi wannan ba, Maryam ce. Duk ranar da ta kira ɗayanku, ko kuna tsakiyar aiki, ko ba ku gane rabin Hausarta ba, ku ɗauka.